Kai Goma Sha Huɗu a Hannun Sundus

Ranar da Sundus ta shigo gida da takardar shaidar kammala makarantar gyaran gashi da kwalliya, tun ba ta cire takalmi ba Gwaggo Intisar ta zame ɗankwali ta zauna a kujerar kicin, wai a fara da ita don albarka. Aka yi guɗa, aka raba kunafa, kayan zaƙin da muke ci ranar murna. Ni ma na yi guɗar, na ci kunafar, kuma ni ce ta uku a layi. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya zaci wanke kaina na zo yi. Na shiga ban ɗauka ba ma ba ta fid da ɓarawo, balle ni da na ɗauka.

Gidanmu a Zarƙa, a ƙasar Jodan, hawa uku ne. Ni ce a ƙasa tun da mijina ya rasu. Ƙanensa Abu Mu'utaz da iyalinsa suna tsakiya. Sama kuma nan ne aka shekara huɗu ana ɗora bulo a kan bulo don auren Mu'utaz, ɗa namiji tilo, wanda ko tuntuɓe ya yi sai uwarsa ta zagi dutsen. Sundus ƙanwarsa ce, shekararta ashirin da ɗaya a lokacin. Rufin ɗakina shi ne daɓen ɗakinsu, don haka babu abin da ke wuce ni.

Kuɗin makaranta da akwatin kayan aiki dinari dubu biyu da ɗari ɗaya ne. Dubu uku aka ranto. Kamfanonin rancen nan mata suke so, don sun san mace ba ta gudu, ga kunya ga rashin wurin zuwa. Uban ya ce tunda dai hannu za a sa, a sa shi a kan abin kirki. Ɗari taran da suka yi saura su ne kafin alƙalamin motar da Mu'utaz yake haya da ita. A takarda kuwa sunan Sundus ne kaɗai. Da kuɗin ruwa, dinari ɗari da goma duk biyar ga wata, har shekara uku.

A makarantar an ce musu mai wannan takarda ba ta kasa ɗari shida a wata. Sati shida ta yi tana yawo kafin ta samu wani salun a sabuwar unguwa, albashi ɗari biyu da ashirin, daga goma na safe zuwa takwas na dare, a tsaye. Ba sai an kira malamin lissafi ba. Rabi na kamfani. Arba'in na mota. Hamsin uwarta ke karɓa, wai mai albashi ba ta cin burodin gida a banza. Ashirin ce tata, a ciki kuma take sayen safar hannu da katin waya.

Duk da haka yarinyar ba ta karaya ba, don ta san inda kuɗin sana'arta yake. Yana ranar Juma'a, ranar hutunta, wajen masu zuwa biki da masu baiko, inda kai ɗaya ke kawo goma ko sha biyar, amarya kuwa hamsin zuwa sama. Ta zauna a ɗakina ta lissafa mini da yatsu cewa in ta samu kai biyar duk Juma'a, shekara ɗaya da rabi ta rabu da kamfani, ta fara tara kuɗin kujerarta da madubinta.

Kai biyar kam ta samu, har da gyara. Kuɗin ne ba ta gani ba.

A wurinmu 'yar gida ba ta karɓar kuɗin 'yan gida, abin kunya ne. A kan haka ni ma na tashi. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne faɗin gidan nan a bakin Ummu Mu'utaz, uwar Sundus. Gwaggonni da 'ya'yansu 'yan gida ne. Surukan gwaggonni 'yan gida ne. Maƙwabciyar da ta aiko da zaitun bara 'yar gida ce. Matar makanikin da ke duba motar Mu'utaz 'yar gida ce, ita da 'yan matanta uku. Duk wani alherin da aka taɓa yi wa matar nan tun aurenta, da hannun 'yarta ta rama shi. In mace ta kai hannu jaka, sai ta dafe mata shi ta rantse da ran Mu'utaz ba za a karɓa ba. Masu buɗe jakar ma sun gane, a hankali suke jan zif ɗin don a samu lokacin dafewa.

Rini kuwa da man feshi da fil da gashin ido ba daga sama suke faɗowa ba, Sundus ke saye. Sau ɗaya na ji ta ce wa Gwaggo Intisar, yayar babanta, ko za ta riƙa tahowa da rininta. Gwaggo ta juyo da kai rabi baƙi rabi fari, ta ce ashe makarantar har rowa ake koyarwa, ita da ta wanke wa yarinyar nan kashi tana jaririya yau ita ake yi wa lissafin kwalba. Ɗaki ya kwashe da dariya. Sundus ta yi murmushi ta ci gaba da shafawa.

Kafin shekara ta zagayo hannunta ya tsattsage, tsakanin yatsun nan ja wur, in ta taɓa lemun tsami sai ta cije leɓe. Akwai wani man miƙar da gashi da matan ke so, wanda in an ɗora masa ƙarfe mai zafi hayaƙinsa ke sa ido ruwa. Mai kan tana rufe hanci da tawul, ita mai yi ita ke shaƙa. Ta fara wani busasshen tari da nake ji ta rufi. Uwar ta ce ta shafa man zaitun, ta sha na'ana'a, ai kowace sana'a da ciwonta.

Da zafi ya shigo bukukuwa suka ɓarke. Alhamis ita ce ranar da salun ke cika ya batse, Alhamis ɗin kuma danginmu suka ga dama suka riƙa sa sabgoginsu. Na farko mai salun ta yanke mata kuɗin yini biyu. Na biyu ta ja mata kunne. Na uku baikon 'yar Gwaggo Intisar ne. Sundus ta roƙi babanta a bar ta ta je aiki, ta tashi da asuba ta yi wa 'yar uwarta kafin ta fita. Ya ce ba a haifi 'yar da za ta bar jininta da rabin kwalliya ta tafi taje kan matan banza ba. Ranar Asabar ta koma salun ta tarar da wata a kan kujerarta. Uban ya ce alheri ne, da ma dawowar daren nan ba ta taɓa kwanta masa ba, ta yi aikinta a gida cikin mutunci. Uwar ita abin da ya dame ta hamsin ɗin nan ce, kuma ta faɗa.

A gida Sundus ta jingina madubi a lungun falo. Baƙin da ke biya ba su da yawa, wanda ya zo sau biyu kuma Ummu Mu'utaz ta mayar da shi ɗan gida. Wani watan sittin, wani arba'in da biyar. Biyar ga wata ta zo ta wuce. Aka fara kira a waya, da farko da ladabi. Sai wata mata ta zo da fayil a hammata, ta sha gahawa, ta yaba labulen falo, ta ce ita ma 'yar aike ce. Bayan wata biyar takardar lauya ta iso, saura dinari dubu biyu da ɗari huɗu, in ba a biya ba kotu, in an kai kotu kowa ya san sauran. Babu unguwar da ba ta da macen da aka taɓa saukewa daga mota a kan irin wannan bashi aka wuce da ita gidan yari.

A ranar Sundus ta sauko wurina da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane layi kwanan wata, suna, da abin da aka yi. Ba ta rubuta kuɗi ba ko a wuri ɗaya.

"Matar Baffa, kai ɗari uku da goma sha biyu ke nan," ta ce. "Ko takwas-takwas aka ba ni, da yau ba na bin kowa, ba kowa ke bina."

Na karɓa ina juya shafi da yatsa, ina neman abin da na san zan gani. Sunana sau goma sha ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kuma don in sauke kunyar nan da sauri na ba ta gurguwar shawara, na ce ta nuna wa babanta, lissafi ba ya ƙarya, namiji in ya ga lamba yana fahimta.

Ya fahimta kam. Ina jin muryarsa ta rufi yana tambayarta ko ta fara buɗe wa danginta littafin bashi ne, ko shi ma ya buɗe mata nasa, tun daga madarar gwangwani har kuɗin takalmin makaranta. Ya ce in Gwaggonta ta ji an rubuta sunanta kamar mai cin bashin kanti, da wane ido zai dube ta. Mu'utaz ya sa baki, ya ce shi dai bai aiki kowa makarantar kitso ba, motar kuma da ake yi masa gori gidan nan take ciyarwa. Sai na ji abu ya faɗo a bene. Na fita na tsinci littafin na share masa ƙura.

Washegari na sa baƙar abayata na hau. Abu Mu'utaz da kansa ya zuba mini gahawa mai ɗaci a ɗan kofi. Na karɓa na ajiye a kan tebur ban sha ba. Ya san abin da hakan ke nufi fiye da kowa, don wata biyu da suka wuce shi ya ja maza talatin zuwa gidan uban Lujain, yarinyar da Mu'utaz zai aura, suka ajiye kofunansu har sai da aka ce su sha, an ba su. Baƙon da ya ajiye gahawa da buƙata ya zo, maigida kuma ba shi da fuska sai ya biya ta.

Ya dubi kofin ya dube ni ya yi 'yar dariya. "Matar yaya, yau kuma ke ce tawagar maza?"

Na ce mazan ne ba su zo ba. Na ce biki saura sati uku, an yi odar tumaki takwas na mansaf, shinkafa da naman da ake ci a biki, an kama zaure na dubu ɗaya da rabi, har wasan wuta an biya. A rage tunkiya biyu da wasan wutar a toshe bakin lauya. Ya gyara zama ya ce ni mace ce ban san kamfanonin nan ba, barazana ce sana'arsu, ba a ɗaure 'yar mutane a kan kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba. Tumakin kuwa an riga an gaya wa surukai adadinsu, ragewa tonon asiri ne. Na bar gahawa tana hucewa a tsakaninmu. Abin ya fara damunsa, na ga yana satar kallon ƙofa kada wani ya shigo ya gani.

"Sha gahawarki," ya ce. "Bayan biki, da kuɗin gudummawa, ni zan biya."

Na sha. Har gobe in na tuna na sha gahawar nan sai in ji ɗacinta a maƙogwarona.

Bikin ranar Alhamis ne. Ango shi ke biyan salun na amarya da uwarta da 'yan uwanta, haka ake yi. Mu'utaz ya riga ya gaya wa surukansa ba sai an je ko'ina ba, ƙanwarsa ƙwararriya ce mai takarda. Da nasu da namu kai goma sha huɗu, har da amarya, a falona za a yi don ya fi fili. Ba wanda ya tambayi Sundus, ba kuma wanda ya ba ta kuɗin kaya. Ta sayar da ɗan kunnenta na zinariya, ranar Laraba da safe ta hau bas zuwa Amman sayen fil da man feshi inda suka fi araha.

A hanyar dawowa 'yan sanda suka tsayar da bas ɗin suka tattara katunan shaida, kamar yadda suke yi kullum. Aka dawo wa kowa da nasa ban da mutum ɗaya. Wajen azahar wayata ta yi ƙara. Sundus ce, muryarta a kwance take, har na zaci tambayata za ta yi kalar janbakin da nake so. Ta faɗa mini ofishin da take, ta ce in gaya wa Baba a hankali.

Na tarar da Ummu Mu'utaz a tsakiyar manyan tukwane tana jiƙa busasshen nonon mansaf. Da na faɗa mata, tambayarta ta farko ita ce ko akwai ɗan unguwarmu a cikin bas ɗin. Ta yi kuka daga baya, ba zan yi mata ƙarya ba, amma wannan ce ta farko. Abu Mu'utaz ya buga wa lauyan waya. Lauya ya ce a kawo rubu'in bashin, ɗari shida, a sa hannu a kan sabon tsarin biya, a sake ta. In ba a kawo ba kafin a tashi daga kotu ranar Alhamis, sai Lahadi, kuma ba a ofishin 'yan sanda za ta jira Lahadin ba.

Na tsaya ina jiran ya tashi ya buɗe kabad. Na san kuɗin biki suna ciki, ni na raka matarsa ta ƙirga su. Sai ya ce kowane dinari a gidan nan da sunan mai shi, na zaure, na mai kiɗa, na mai hoto. Ya ce kwana huɗu ba mutuwa ba ne, kuma ko ba komai ta koyi cewa sa hannu a takarda ba wasa ba ne. Shi ɗin da ya riƙe mata biro. Ya ce a gaya wa mutane zazzaɓi ya kwantar da ita, kada surukai su ji, ranar Lahadi da kuɗin gudummawa zai je da kansa. Na tuna masa gahawata. Ya ce ai bayan biki ya ce, bikin kuma bai wuce ba.

Dinari tamanin da bakwai ne a ɗakina, ragowar fanshon mijina. Na buga wa mutum huɗu waya, duk wanda na kira sai ya ce ai kuɗinsa ya ajiye na gudummawar Mu'utaz ne. Na ƙulla burodi da cuku da rigar sanyi na tafi. 'Yan sandan suka bar ni na gan ta minti biyar. Tana zaune a kan benci da wasu mata biyu, hannayenta a cikin cinya. Ba ta tambaye ni Baba ba, ta ga ni kaɗai na shigo. Ta roƙi 'yar sandan ta miƙo mini baƙar ledar da aka karɓe mata.

"Ki kai wa Umma," ta ce. "Fil ɗin amarya na cikin ƙaramar leda, kada su haɗe da sauran."

Na rungumi ledar nan a bas har gida ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, mutane suna ba ni haƙuri ba su san a kan me ba.

Safiyar Alhamis kowa ya tuna abin da ya manta. Tun takwas Gwaggo Intisar ta iso da jiƙaƙƙen gashi a cikin tawul, ƙarfe goma sha ɗaya kuma amarya da mutanenta za su zo. Ummu Mu'utaz ta zauna a matakalar bene tana kiran salun bayan salun. Alhamis ce a tsakiyar lokacin biki, wasu dariya ma suka yi mata. A ƙarshe aka samu ɗaya da ta yarda ta ture wasu ta karɓe su, amarya ɗari uku, sauran sha ukun talatin da biyar-biyar, kuɗi a hannu.

Mu'utaz yana tsaye a saman benen da sabon askinsa, waya a hannu yana latsawa. Ina ƙasa ina kallonsa. Ya latsa ya sake latsawa, sannan ya ɗaga murya ya kira babansa.

"Baba, can ɗari bakwai da hamsin da biyar ne. Nan ɗari shida. Fito da ita ya fi araha."

Da kunnena na ji. Bai sassauta murya ba, don bai ga abin kunya a ciki ba, shi dai ya gano dabara ce. Uban ya ce gaskiya ne, kuma da ma zuciyarsa ba ta kwanta da a yi biki babu 'yarsa ba. Kabad ɗin da jiya kowane dinari a cikinsa yake da mai shi ya buɗe cikin minti biyu. Suka shiga motar nan da aka saya da sa hannunta suka tafi ceto ta.

Sha biyu da rabi suka dawo da ita, da kayan jiya a jikinta. Uwar ta rungume ta a bakin ƙofa ta shafa fuskarta, ta raɗa mata cewa zazzaɓi aka ce, kada ta manta, ta yi maza ta wanke hannu amarya ta gaji da jira. Na ce a bar yarinya ta sa wani abu a cikinta. Aka miƙa mata shayi a tsaye. Gwaggo Intisar, wadda ta san komai, ta ce masu zazzaɓi an warke ke nan, to a zo a taimaki talakawa gashi ya bushe a karkace.

Daga ɗaya saura zuwa shida Sundus ba ta zauna ba. Amarya ta ci awa biyu, kuma wallahi ban taɓa ganin kai irin wannan ba, Sundus ta naɗe shi ta ɗora shi ta jera fil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da tsattsagaggun yatsunta. Uwar amarya ta ce ana ja mata gashi. Wata ta ce jagirarta ɗaya ta fi ɗaya. Sundus ta ce a yi haƙuri ta gyara. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, sai dai a nan gardin ba ya ko tsayawa ya ba kurar ruwa.

Ni ce ta sha huɗu. Na ce na yafe, zan ɗaura ɗankwalina haka nan. Ta ce in zauna, ba za ta bar ni ni kaɗai ba gyara a cikin mata ba. Na zauna. Ta shiga taje mini kai. Da ta gama na buɗe jakata, ban ja zif ɗin a hankali ba, na ciro dinari goma sha biyar na ajiye a gaban madubi inda kowa zai gani.

Duk matan suka juyo. Ummu Mu'utaz ta taso da murmushin da bai kai ciki ba, ta ce mini haba Ummu Nidal, a gaban baƙi za ki mayar da mu 'yan kasuwa. Na ce aiki aka yi mini na biya, wanda ya ji kunya shi ma jakarsa na kusa da shi. Ba wadda ta motsa. Uwar amarya ta shiga duba farcenta. Daidai nan aka ce ango ya iso ɗaukar amarya zuwa wurin hoto, mata suka ja mayafai. Ummu Mu'utaz ta dunƙule kuɗin ta cusa wa ɗanta a hannu don su ɓace daga idon mutane, ta raɗa masa daga inda suka fito. Ya duba, ya sa a aljihun kwat, ya dubi ƙanwarsa da fara'a irin ta ango.

"Madalla, kin fara ragewa. Saura ɗari biyar da tamanin da biyar."

A nan ne ni da ita muka san ɗari shidan nan ma rance ne. Jiya kamfani kaɗai ke binta. Yau kamfani na binta dubu ɗaya da ɗari takwas, yayanta na binta sauran, shi da ɗari taranta ke ƙarƙashin mazaunansa kullum yana zagaya gari da su.

A zauren biki ba wanda ya gyara kan mai gyara. Ta ɗaura farin ɗankwali ta zauna a teburin ƙarshe kusa da ni, ba ta ci mansaf ɗin tumaki takwas ba, ta ce yatsunta ba za su jure romon ba. Mata suna ta zuwa suna tambayar wa ya yi wa amarya kai. Ina jin Ummu Mu'utaz daga tebur zuwa tebur tana cewa 'yarta ce, mai takarda, duk mai so ta zo gida kowane lokaci, ai yanzu an zama ɗaya, maganar kuɗi ma ba ta taso ba. A daren nan gidanmu ya ƙara faɗi da dangi guda cur.

An tara gudummawa fiye da dubu huɗu. Na sake hawa bayan kwana biyu, aka ce an biya mai kujerun ɗakin ango na sama da mai labule, abin da ya rage na tafiyar ango da amarya bakin teku ne. Abu Mu'utaz ya ce ai ya cika alkawari, ba ga ta nan a gida ba. Ya sa a kawo mini gahawa. Na ce na ƙoshi.

Mutanen gidan nan ba su taɓa dukan Sundus ba, ba su hana ta abinci ba, in ka tambaye su za su rantse maka suna sonta, kuma ba ƙarya suke yi ba. Suna sonta kamar yadda ake son rijiyar tsakar gida. Makarantar da ta yi mata alkawarin ɗari shida ta ci nata ta goge baki, kamfani yana cin nasa da takarda da hatimi, waɗannan aƙalla baƙi ne. Mu da muka zauna a gabanta muka miƙa mata kawunanmu muna sa mata albarka, mu muka ci mafi yawa, kuma mu ne ba za a taɓa sauke mu daga bas ba.

Na tsallake safiyar Juma'ar, washegarin biki, bari in koma mata. Ta sauko da tsintsiya share gashin da ya cika mini falo. Da ta gama ta ce in ba ta littafinta, tun ranar da aka jefo shi yana wurina. Ta zauna a kujerar da ta tsaya a bayanta jiya, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta kwanan wata, ta jera sunaye tun daga amarya. Biron yana zame mata, sai da ta naɗe yatsa da tsumma. Na leƙa na ƙirga na ce ta manta ɗaya.

"Sha uku ne, Matar Baffa. Naki an biya."

Sai aka danna ƙararrawar ƙofar gida. Muryoyin mata ne, uku ko huɗu, baƙin murya, suna tambayar ko nan ne gidan ƙanwar ango, suna da walima da la'asar. Daga sama uwarta ta leƙo tana yi musu maraba da 'yan gida, tana kiran sunanta. Sundus ta rufe littafin ta miƙo mini, ta ɗauki matajinta ta tafi famfo wankewa.